Allurar Sinawa da ƙwannafi: inda ake tsirawa, da inda ake kuskure

Ƙwannafi yana tasowa ne idan murfin naman da ke bakin ciki ya saki, ruwan tsami ya hauro maƙogwaro. Masu maganin allura irin na Sinawa sun fi tsira wurare uku. PC6 yana cikin hannu, faɗin yatsu 3 daga lanƙwasar wuyan hannu, tsakanin jijiyoyi biyu. ST36 yana faɗin yatsu 4 ƙasa da ƙoƙon gwiwa, ta wajen ƙashin ƙwauri. CV12 kuwa yana daidai tsakiya tsakanin cibiya da ƙarshen ƙashin ƙirji. Allurar siririya ce kamar gashi, ana barinta minti 20 zuwa 30, galibi sau biyu a mako har wata guda.

Wani ƙaramin bincike a 2007 ya nuna haɗa ta da maganin rage tsamin ciki irin omeprazole ya fi ninka maganin wajen sauƙaƙa ciwon. Mutum 30 ne kacal, don haka kada kowa ya ajiye maganinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne allurar da aka riga aka tsira wa wani: hanyar ciwon hanta ce. A ɓare sabuwa a gabanka. Tsirawa da zurfi kusa da ƙirji na iya huda huhu. Mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini su faɗa tun farko.

Kuma allura ba ta gyara ɗabi'armu ta Katsina: tuwo da yaji bayan isha'i, shayi, sai katifa. A ba ciki awa 3, a ɗaga kan gado santimita 15, a kwanta ta hagu. Haɗiya in tana wuya, ko aman jini, ko baƙin bahaya, asibiti kai tsaye.