Haƙorin Da Ya Yi Shiru

Ranar Asabar ɗan yayata ya shigo da fara'arsa, wai haƙorin da ya hana shi barci mako guda ya lafa, don haka ya fasa zuwa asibiti. "Kawu, ai ya warke," in ji shi, ga lemon kwalba a hannu. Sai na tuna kaina ina shekara 25.

Turmina na hagu ya fara da ɗan tsami in na sha ruwan sanyi. Na cusa kanumfari a kogon, na bi da farasitamol daga kemis. Kanumfari kuwa yana kashe zafi da gaske, shi ya sa ya ruɗe ni. Ashe wani shirun ba sauƙi ba ne, jijiyar ce ta mutu, ruɓar na ci ta ƙasa har mugunya ta taru a saiwa.

Kada dai a ce sakaci ne zalla. Albashin ba ya kai ƙarshen wata, wa zai biya a duba masa abin da ba ya ciwo? A gidanmu kuma ba a zuwa wurin likitan haƙori sai cirewa. Kakana da asuwaki ya rayu, da haƙoransa aka binne shi, kullum hujjata ke nan. Sai dai shi bai sha shayi da sukari cokali huɗu safe da dare ba. Gaskiyar magana tsoro ne: ƙarar injin nan, da kunyar in wangale baki baƙo ya ga aikin goro. Da aka ce in zo wankin haƙori na kafe wai yana sa su girgiɗi, alhali dattin da ya daskare ne ke cinye dasashi, shi wankin, asiri kawai yake tonawa.

Yau cikin 32 saura 29, tsire ma da gefe ɗaya nake tauna shi.

Na shirya masa nasiha mai tsawo, kaɗan ta fito. Ka je tun ramin yana ƙarami a cike shi. Ka goge da man da ke da fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, sau biyu a rana, na dare ya fi muhimmanci, don yawu na raguwa in ana barci. Kada ka ji tsoro. Kai, ji tsoron ma, in shi zai kai ka. Ku yaran yanzu gilashin waya ya tsage da safe kafin la'asar kun canja, amma bakinku sai ya kumbura!

Ya ce to, idonsa na kan wayar. Litinin ƙarfe takwas da kaina zan ɗauke shi a babur.