Abin da nazarin littattafan John Buchan ya koya mini

A cikin karatun adabin Ingilishi na farkon ƙarni na 20, aikin da ya fi amfanata shi ne jera littattafan John Buchan bisa shekarun fitowarsu, tare da rubuta muƙamin da yake riƙe da shi a gefen kowane littafi. An haife shi a garin Perth na Sikotland a 1875, ya kuma rasu a 1940 yana Gwamna Janar na Kanada, bayan ya wallafa littattafai kusan ɗari. Duk da haka, yawancin masu karatu ba su san shi da komai ba sai "The Thirty-Nine Steps" na 1915, labarin leƙen asiri da ya rubuta yana jinyar gyambon ciki.

Jerin ya nuna mini cewa ba a raba alƙalamin Buchan da teburin da yake zaune a kai. Tarihin Yaƙin Duniya na Farko da ya rubuta wa kamfanin ɗab'i na Nelson, juzu'i 24 tsakanin 1915 da 1919, ya fito ne ana tsakiyar gumurzu, kuma a 1917 gwamnatin Birtaniya ta ba shi shugabancin sashen watsa labaranta, wato farfagandar yaƙi. Wanda ya san wannan zai karanta yabon da yake yi wa janarorin ƙasarsa da taka-tsantsan, ko da kuwa jimlolin sun yi masa daɗi, domin a gaskiya mutumin ya iya zuba labari. Haka ma ƙagaggen labarinsa "Prester John" na 1910, inda aka siffanta tawayen baƙaƙen fata a matsayin bala'in da ya wajaba Bature ya murƙushe: ya biyo bayan aikin da ya yi a Afirka ta Kudu ƙarƙashin Lord Milner, Babban Kwamishinan Birtaniya a can, daga 1901 zuwa 1903, kuma ra'ayin ma'aikacin mulkin mallaka a fili yake a cikinsa.

A ganina, inda ya fi samun 'yancin hukunci shi ne tarihin mutanen da suka daɗe da mutuwa. A littafinsa na 1928 kan Montrose, janar ɗan Sikotland da ya yi yaƙi a ɓangaren sarki, da na 1934 kan Oliver Cromwell, jagoran ɓangaren majalisa, ya yi wa shugabannin ɓangarori biyu masu gaba da juna a yaƙe-yaƙen basasar Birtaniya na ƙarni na 17 adalci daidai gwargwado, abin da bai yi wa Jamusawa ba a juzu'an yaƙin.