350Z: ta 2004 ko ta 2007?

Wata uku ke nan ina juya maganar nan a raina, motar Nissan 350Z nake so, kuma wallahi duk wanda ya ce duk ɗaya ne bai zauna da bakanike ba. Na farkon, 2003 zuwa 2004, injin VQ35DE gare su, mai ƙarfin doki 287, kuma irinsa ne a Murano da Infiniti G35, to kayan gyara ba sai ka sha wuya ba. Sai ta 2006 mai giyar hannu, doki 300, ita ce ta yi suna wajen shan baƙin mai, wannan kam na tsallake ta tun a waya.

Ta 2007 da 2008 su ne masu injin VQ35HR, doki 306, bonet ɗinsu ya ɗan kumbura a tsakiya, da shi ma ake gane su. Ita raina ke so gaskiya, amma kuɗinta ya fi kuma injinta bai cika yawa a kasuwa ba, in ya buga sai dai a yi ta jira. Mai buɗaɗɗen rufi kuwa, da ƙurar hunturun nan? A'a.

Yayana cewa ya yi da ramukan layinmu ko wacce na saya ƙasanta zai fara tafiya. Ta 2004 zan je dubawa ranar Asabar.