Darasin da Na Koya daga Shisshigin Amurka a Yankin Karibiyan

A kwas ɗin tarihin hulɗar ƙasashe da muka yi a jami'a, an ɗora mini nazarin yadda Amurka ta riƙa tsoma baki cikin al'amuran maƙwabtanta na kudu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda bashi ke share wa soja hanya.

Aƙidar Monroe ta 1823 gargaɗi ce ga ƙasashen Turai da su janye ido daga nahiyar Amurka. Amma bayan Birtaniya da Jamus da Italiya sun datse tashoshin jiragen ruwan Venezuela a 1902 saboda bashi, sai Shugaba Theodore Roosevelt ya faɗaɗa aƙidar a 1904, ya ba ƙasarsa hurumin ɗan sandan yankin. A 1905 Amurka ta karɓi ragamar kwastan na Jamhuriyar Dominika, tana ware kashi 55 cikin ɗari domin masu bin bashi, tana miƙa wa gwamnati ragowar. A ƙasar da akasarin kuɗin shigarta daga bakin teku yake fitowa, duk wanda ya riƙe kwastan ya riƙe albashin ma'aikaci da na soja, ko da tutar ƙasar tana nan tana kaɗawa.

Labarin Haiti ya fi ɗaci. A watan Disamba na 1914 sojojin ruwan Amurka suka kwashe zinariya ta dala 500,000 daga bankin ƙasar suka kai New York, sannan a Yulin 1915 suka mamaye ƙasar, ba su fita ba sai 1934. Sun farfaɗo da aikin tilas na gina hanyoyi, abin da ya tunzura manoma suka ɗauki makami a ƙarƙashin Charlemagne Péralte. Da aka kashe shi a 1919, sai aka ɗaure gawarsa a jikin ƙyaure aka ɗauki hoto aka rarraba domin a tsorata jama'a, hoton kuwa ya ƙara masa daraja ne a idon mutanensa.

Na kuma koyi kada in ɗauki ranar ficewar sojojin mamaya a matsayin ƙarshen labari, domin kafin su tafi sukan horar da rundunar 'yan ƙasa su bar mata makamai. Daga irin wannan runduna Rafael Trujillo ya fito, ya danne Dominika daga 1930 zuwa 1961. A Nikaraguwa ma, sojojin Amurka sun janye a 1933, shekarar da Shugaba Franklin Roosevelt na Amurka ya shelanta manufar kyakkyawar maƙwabtaka, amma cikin 1934 dakarun da Amurka ta horar, ƙarƙashin Anastasio Somoza, suka kashe Augusto Sandino, wanda ya yaƙi mamayar, kuma iyalan Somoza ba su saki mulki ba sai 1979.