Mataccen batiri ba na bola ba ne

A Nima, kamar sauran unguwannin Accra, idan batiri ya mutu sai a jefa shi kwata ko bola, alhali wasu baturan suna ɗauke da dalma ko kadmiyum masu gurɓata ƙasa da ruwa, na wayar salula kuwa yana iya kama wuta idan ya huje. Ni nakan liƙe bakin kowanne da salatif, in adana su cikin busasshiyar roba nesa da yara. Tun 2016 Gana take da dokar sharar kayan lantarki mai lamba 917, saboda haka a ganina ya kamata shagunan da ke sayar da batura su ajiye akwatin karɓar matattun, su miƙa su ga masu sarrafawa.