Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Kujerar Duwayan

A Kamaru ba a neman shugabancin tsangaya da takardar neman aiki. Shugaban ƙasa ne ke naɗa rekta (shugaban jami'a) da duwayan (shugaban tsangaya) da doka, a karanta sunaye a rediyo, sau da yawa mai abin a bakin mutane zai fara ji. Ni ma ina cikin gyaran takardun jarrabawa wayata ta kama ruri, kafin magariba zaure ya cika da 'yan barka, har da waɗanda rabona da su tun muna lise, wato sakandare, a Garwa. Kowa da addu'arsa, wasu kuma da takarda a aljihu.

Fizik na karanta. Na yi allo, na yi lakwal, na ci bak, jarrabawar gama lise, a ɓangaren lissafi, sannan na bi jirgin ƙasa daga Ngaundare zuwa Yawunde, lokacin jami'a ɗaya ce tak a ƙasar. Muna can aka yi gyaran tsarin jami'o'i na 1993. Jami'o'in gwamnati suka zama shida, Ngaundare ta samu tata, aka soke kuɗin tallafin da ake ba ɗalibai, aka sa kuɗin rajista jaka 50, wato sefa dubu 50. A Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, littafin da ake kawowa daga Faransa ya ninka kuɗinsa. Mahaifina ɗan kasuwa ne, duk zuwana hutu tambayarsa ɗaya ce: "Wai karatun nan naka ba shi da ranar sauka ne?" Sa'o'ina a lokacin tuni sun buɗe shaguna, wasu har da 'ya'ya.

Abin da ya riƙe ni a bincike bayan na gama dokta shi ne cibiyar fizik ta Tiriyasta a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964. Shi kansa ya baro Pakistan ne a 1954 domin ba shi da abokin tattauna ilimi a gida, ya ci kyautar Nobel a 1979, amma kusan shekara 30 ya yi yana jagorantar wannan cibiya. Tsarin da ya fito da shi mai sauƙi ne: malami daga ƙasa irin tamu ya zo na ɗan lokaci, ya karanta, ya yi aiki da tsaransa, ya koma gida ya ci gaba da koyarwa. A can na fara yarda cewa masani na iya zama a ofis ba don ya gaji da ilimi ba. Kafin nan ina cikin masu yi wa shugabanni kallon waɗanda bincike ya gagara.

Sauran tafiyar ba ta da wani labari. Matakan malanta huɗu ne, kwamitin ƙasa ne ke duba rubuce-rubucenka kafin ka haye kowanne. Na riƙe sashen fizik, na yi mataimakin duwayan, sai kuma wannan naɗi a ɗaya daga cikin jami'o'inmu na arewa. Uku ne yanzu, tunda an ƙara ta Marwa a 2008 da ta Garwa a 2022.

Ƙarar da na fara tararwa a kan tebur ita ce babu ɗakunan karatu. Kowane shugaban sashe haka yake faɗa, kuma da gaskiyarsu, domin ɗaliban shekarar farko a tsaye wasu ke rubutu, ga yaran Chadi da ke zuwa mana da yawa. To amma ɗabi'ar ɗakin gwaji ba ta barin mutum. Kafin in rubuta wa rekta neman sabon gini, na ɗauki littafi ni da sakataren tsangaya muka riƙa zagaya ɗakunan awa bayan awa, muna rubuta wanda ke da mutane da wanda ke kulle. Sai ga shi ɗakunan da jadawali ya ce a cike suke, da dama ba kowa ciki. Manyan malamai sun kama sa'o'in safe sun ajiye, suna Yawunde ko Duwala, idan sun zo su tattara darasin wata uku su juye wa yara a mako biyu. Ƙananan malamai kuma suna koyarwa da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce maki 40.

Na kai wannan littafi taron malamai, na karanta, ba wanda ya musanta lamba ko ɗaya, kuma ba abin da ya canza. A fizik idan awo ya fito an gama magana. A ofis kuwa nan magana ke farawa, domin bayan kowace awa a jadawali akwai mutum da girmansa. Wanda ya fi kowa kame safiya tsohon malamina ne, shi ya koya mini lissafin motsi. Gidansa na je bayan la'asar, na zauna a ƙasa kamar da. Na ce, "Malam, yaran shekarar farko ne a tsaye." Ya ce, "Yanzu kai ne za ka tsara mini lokaci?" Na ce, "Wane ni, Malam. Roƙo na zo yi, ka ara mini safiyar Talata da Alhamis." Ya yi shiru, ya sa aka kawo shayi, muka yi hirar wani abu dabam. Da ya sakar mini safiyar biyu, sauran ba su da bakin ƙi.

Inda na fi kafewa shi ne gwajin hannu, wanda muke kira tepe. Tun da aka shigo da tsarin LMD (digirin farko, masta, dokta) a 2007, kowane zango yana da maki 30 na karatu, digirin farko 180, kuma a takarda gwaji na da kasonsa. Amma duk ranar da kuɗi ya yi ƙaranci ko zango ya ƙure, shi ake fara yankewa, saboda darasin allo alli kawai yake ci. Ka iske yaro ya kai shekara ta uku yana zana na'urar duba siginar lantarki a takarda da kyau, bai taɓa murɗa makunninta ba. Shi ne kuma gobe zai je lise ya koyar.

Uzurin kullum shi ne ba kayan aiki. Na ce to mu fara da abin da ba ya buƙatar odar waje. Igiya mai tsawon mita 1, noti na ƙarfe a ɗaure a bakinta, a rataye a ƙusa, da agogon waya. Wannan lilo zuwansa da dawowarsa kusan daƙiƙa 2 ne. Yara su auna lokacin lilo 20, su raba, su fitar da ƙarfin jan ƙasa. Littattafan Faransa 9.81 suke rubutawa, mu da ke kusa da tsakiyar duniya namu wajen 9.78 ne, kuma da yatsa da agogon waya ba wanda zai iya rarrabe waɗannan biyu. Mai gaskiya zai kawo 9.6 ko 10.1, ya faɗi iyakar kuskuren awonsa, in ba shi makinsa cikakke. Wanda ya kawo mini 9.81 cif, na san inda ya samo shi, sai ya koma ya sake ɗaura igiya. Wata yarinya daga Kusiri ta taɓa tsayar da ni tana haushi, wai ta maimaita sau uku ba ta samu lambar littafi ba. Ita na fi sa wa ido daga ranar, kuma ta kai har masta.

Wannan ya ja ni ga maganar wuta. Arewa gaba ɗaya ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, kuma idan ruwa ya ja baya da rani kowa ya san abin da ke biyowa. Da aka samu ɗan kuɗi na sa wa ɗakunan gwaji sola, 'yan kwangila suka kawo lissafi mai kyau a ido. A nan karatuna ya biya kuɗinsa. Lambar ƙarfin da ke rubuce a bayan farantin sola a zafin maki 25 aka auna ta, kuma kowane maki ɗaya da ya ƙaru yana cin kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa. Farantin da ke kan kwano da rana tsaka a bazara yana kai maki 65, kashi 16 ke nan sun tafi, ba a ma zo kan ƙurar hunturu ba. Batirin dalma kuwa, duk ƙarin zafi na kusan maki 10 rabin ransa yake ɗauka. Na ƙi sa hannu sai da aka ƙara yawan farantai, aka ware ɗaki mai iska na batura, aka kuma rubuta a kasafi kuɗin wanda zai riƙa wanke su. Wannan layi na ƙarshe shi ya fi shan dariya a taro. Manya sun fi son sayen abin da za a yanke masa kintinkiri a ɗauki hoto, ba sa son biyan mai bokiti da tsumma.

Sai maganar dangi, wadda ba a koyar da ita a ko'ina. Ƙanin mahaifina ya zo mini da sassafe, ya ajiye sandarsa, bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Ɗana, ƙaninka ne ya faɗi da maki ɗaya da rabi. Kai ne mai wurin, ai ba sai na yi dogon bayani ba." Na ce, "Baffa, wallahi ko ɗan da na haifa ne ban san takardarsa ba. A rufe suke da lamba, ba a buɗe suna sai an gama ba da maki, kuma malamai ne ke zama su sa hannu gaba ɗaya." Ya ce, "To amfaninka me ke nan?" Na ce, "Akwai jarrabawar cike gurbi, Baffa. Ka turo mini shi gida kowane dare." Ya tashi ba da daɗin rai ba, ya daɗe bai tako gidana ba, yaron kuwa ya zo. Tun daga nan na ƙara tsananta rufe sunaye, na kuma sa duk ƙorafin maki ya zo a rubuce ya bi ta hannun sashe. Masu ganin tsarin ya yi tsauri ba su san ni yake karewa ba. Da ba shi, da ba ni da abin da zan gaya wa dattijon da ya ɗauke ni a kafaɗa ina yaro. Ba na sa hannu a baranda, ba na sa hannu a bakin masallaci, ko da takardar izinin hutu ce.

Abin da kujerar ta ci mini bincike ne. Kada wani ya yaudare ka cewa zai haɗa biyun daidai. Lissafi na son awa uku huɗu ba a ƙwanƙwasa ƙofa ba, duwayan kuwa ba ya samun minti goma. Rubuce-rubucen da suka fito da sunana a waɗannan shekaru ɗalibaina na dokta ne suka yi wahalarsu, shi ya sa sunansu ke gaba. Abu ɗaya na ƙi saki, darasin motsi na shekarar farko, ranar Litinin da safe. Abokan aiki suna ganin bai dace da matsayi ba, ni kuwa a nan nake jin ko makirufo na aiki, ko fanka na juyawa, ko an manna sakamako a kan lokaci, kafin rahoto ya iso ofis an wanke shi.

Da aka naɗa wani a gurbina na miƙa masa makullai da littafin zagayen ɗakuna, na kuma gaya masa abin da ban ci nasara a kai ba. Tsangaya gaba ɗaya mutum ɗaya ne ya iya gyaran na'urorin gwaji, ba malami ba ne, ba shi da dokta, kuma ya kusa ritaya. Na rubuta neman a ɗauki matasa biyu su koya a hannunsa, amsa ba ta zo ba har na sauka. A yanzu ɗalibai biyu na masta ke zama da shi ranar Asabar, ni nake ba su kuɗin mashin.