Baƙin hankakan arewacin Kanada da abin da sabon zuwa ya kamata ya sani

Ɗan Bauchi da ya sauka Yellowknife ko Whitehorse a watan Disamba, kafin ya gane maƙwabtansa zai gane hankakan unguwarsa. Ƙananan tsuntsaye da yawa sun tsere kudu tun kaka, rana ba ta wuce awa biyar zuwa shida a sama, sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifiri, amma shi yana nan bisa turken fitilar titi ya kumbura gashi yana kallon kowa. Turawa suna kiransa raven, masana kuma Corvus corax. Yankin Yukon, inda Whitehorse yake, ma ya ɗauke shi tsuntsunsa na hukuma tun 1985.

Kada ka auna shi da hankakan da ka saba gani a kwata ko bayan kasuwar Muda Lawal. Namu mai farin ƙirji ne, nauyinsa wajen rabin kilo. Wannan baƙi ne wuluk har baki da ƙafa, yakan haura kilo ɗaya, manyansu su kusanci kilo biyu, in ya buɗe fiffike kuma ya kai santimita 115 zuwa 150. Akwai wani baƙin hankaka ƙarami da ke zuwa da bazara, mutane kan rikita su. Dubi wutsiya in yana sama: ta ƙaramin a baje take kamar mafici, ta babban tsakiyarta ta fi tsawo, ta yi tsini. Babban yana da gashi buzu-buzu a maƙogwaro, muryarsa mai kauri ce daga ciki, yana shawagi kamar shirwa, wani lokaci ya kifa bayansa ƙasa a iska ya sake miƙewa.

Inda sabon zuwa ya fi shan wahalarsa shi ne shara. Baƙar ledar shara ba ta ɗaukarsa minti biyu. Yakan huda ta daga gefe, ya jawo abin ciki ɗaya bayan ɗaya, iska ta watsa saura har ƙofar maƙwabta, kuma kai za a yi wa magana. Sa leda cikin kwandon shara mai murfi, ka tabbata murfin ya zauna. In shara ta ɗaga shi ko da yatsa biyu ne, ya samu wurin sa baki. Ɗaure murfin da igiyar roba mai ƙugiya muddin kwandon yana tsakar gida, ka kwance ta sa'ad da ka tura shi bakin titi. Fitar da shi da safiyar ranar kwasa ya fi a kwana da shi a waje. Ƙashin kaza da kitse da ragowar miya a ƙulle su a leda daban, a ajiye a firiza sai ranar.

Haka zancen nama. Mutanenmu kan mayar da baranda firiza a lokacin sanyi, dabara ce mai kyau, amma kwali da akwatin soso ba sa tare shi. Sai roba mai tauri mai maƙalli. Naman layya da aka shanya a fili, ko cefanen da aka bari a buɗaɗɗen bayan mota aka koma kanti, an yi kyauta da su ke nan. Gunkin mujiya na roba da ake sayarwa don korar tsuntsaye kwanaki kaɗan yake aiki, daga nan ya gane ba ya motsi.

Dalilin da ya sa ɓarna ɗaya ke zama goma yana cikin tsarin zamansu. Manya biyu-biyu suke, miji da mata, galibi har mutuwa, suna tsare yankinsu. Samarin da ba su kai shekara biyu zuwa huɗu na fara hayayyafa ba su ne ke yawo a garke, su kwana wuri ɗaya. Bernd Heinrich, wanda ya shafe shekaru yana nazarinsu a dazukan Maine ta Amurka, ya nuna cewa saurayi in ya tarar da mushe a yankin manya yakan yi wani kira mai ƙarfi ya tara 'yan'uwansa, don yawansu ya rinjayi masu wurin. Kwandonka in ya buɗe sau ɗaya, labarinsa ya bazu. Shi ya sa ciyar da su da gangan ba tausayi ba ne, jawo wa unguwa fitina ce.

Ƙwaƙwalwarsa ita ce ta fi ba ni sha'awa. Yana ɓoye ragowar abinci a ƙanƙara ko ƙarƙashin ganye, kuma Thomas Bugnyar na Jami'ar Biyana ta ƙasar Ostiriya ya gano cewa in ya lura wani hankaka yana kallonsa, sai ya yi sauri, ko ya dawo ya canza maɓoya. A 2017 masana a Jami'ar Lund ta Suwidin sun nuna yana iya zaɓar dutsen da zai buɗe akwatin abinci ya riƙe shi don amfanin gaba. Yana bambance fuskokin mutane, yana tuna wanda ya cuce shi. Mai karatun Alƙur'ani ba zai yi mamaki ba: a Suratul Ma'ida, hankaka Allah ya aiko ya nuna wa ɗan Adam yadda zai binne gawar ɗan'uwansa.

A gida muna cewa hankaka mai da ɗan wani naka. An zalunce shi a wannan magana. Ƙwansa yake yi, uku zuwa bakwai, tun ƙanƙara ba ta narke ba, a sheƙar ƙirare bisa dutse ko hasumiyar waya. Macen ta kwanta kusan mako uku namijin yana kawo mata abinci, 'ya'yan su bar sheƙa bayan mako biyar zuwa shida. Ko namu na gida, wani tsuntsu ne ke saka masa ƙwai a sheƙa ya bar shi da reno.

A lokacin barin sheƙar nan, wajen Mayu da Yuni, za ka iya ganin ɗan hankaka a ƙasa yana tsalle-tsalle. Ba maraya ba ne, iyayensa suna kusa, kuma za su kawo maka sura in ka matsa. Ja yara gefe, ka bar shi. Jifa da danko kuwa a bar su a gida. Dokar namun daji ta bambanta daga lardi zuwa lardi a Kanada, a Amurka da Birtaniya kuma kashe shi ko taɓa sheƙarsa ba tare da izini ba laifi ne.

In ka tarar da mataccen hankaka, kada ka taɓa shi da hannu, kada ka bar yara su ɗauka. Murar tsuntsaye ta H5N1 da ta shigo Arewacin Amurka a ƙarshen 2021 tana kama masu cin mushe irinsa. Kira ofishin kula da namun daji na garin ka gaya musu wurin. In dole ne ka kawar da shi, sa safar hannu, ka juya leda a kansa, ka ƙara ta biyu, sannan ka wanke hannu da sabulu.